Murhu mai rumbu ko mai kabad: Abin da ke gamsar da masu gasa nama da hayaƙi a Amurka

A Amurka akwai wani salon gashi da ake kira babakyu, inda ake barin nama cikin matsakaicin zafi da hayaƙin itace na tsawon sa'o'i har ya yi laushi. Ƙirjin sa guda, mai nauyin kilo 5 zuwa 7, yakan ɗauki sa'a 10 zuwa 16 kafin ya nuna. Wanda zai ciyar da baƙi da azahar sai ya hura wuta tun da daddare. Idan wutar ta mutu da tsakar dare, ko ta yi yawa, ya yi asarar naman da kuɗinsa, ga kuma kunya a gaban baƙi.

Wannan matsala ce ta sa maƙeran ƙasar suka fito da wasu murahu iri biyu da suka karɓu a wajen masu abincin biki da masu shiga gasar gashi da kuma magidanta masu sha'awa. Na farko yana da rumbun gawayi a gefensa, gawayin na gangarowa cikin wuta da nauyin kansa. Na biyu akwati ne a tsaye kamar kabad, mai bango ninki biyu da ba ya barin zafi ya tsere, wutarsa kuma tana can ƙasa.

Duka biyun da gawayi suke aiki, kuma an ƙera su ne don mai gashi ya iya barin wuta ta kula da kanta. Sun bambanta a yadda gawayi ke isa ga wutar, kuma daga nan ne yabo da ƙorafin masu su suke fitowa. Wanda ya bi yabon da ƙorafin a hankali zai ga cewa gamsuwar mai murhu ta fi rataya ga dacewarsa da irin aikin da yake yi, domin a hannun wanda ya iya, kowannensu yana fitar da nama mai kyau.

Asalin babakyu da abin da yake buƙata

Kalmar ta samo asali ne daga barbakowa, sunan da mutanen Taino na tsibiran Karibiyan suke kiran wani gadon sanduna da suke ɗora nama ko kifi a kansa bisa wuta. Turawan Sifaniya suka ɗauki kalmar a ƙarni na 16. Daga baya sana'ar ta kafu a jihohin kudancin ƙasar Amurka, inda bayi 'yan asalin Afirka da zuriyarsu suka yi mafi yawan aikin kwana a bakin ramin wuta. A yau kowane yanki da nasa salon. A Karolina da Memfis naman alade ya fi yawa, a Teksas ƙirjin sa ne abin alfahari, a birnin Kansas kuwa ana gasa nama iri-iri a shafe shi da miya mai kauri da zaƙi.

Wannan gashi ya bambanta da tsire da balangu, waɗanda ake yanka su sirara a kusantar da su ga wuta su nuna cikin ɗan lokaci. Ya kuma bambanta da banda, wadda manufarta busar da kifi ko nama don ya daɗe bai lalace ba. A babakyu ana son naman ya fito da ruwansa, a ci shi a ranar.

Zafin da ake nema a cikin murhu yana tsakanin digiri 107 da 135 a ma'aunin Salshiyas, wato 225 zuwa 275 a ma'aunin Faranhait da Amurkawa ke amfani da shi. A irin wannan zafi jijiyoyin da suka ɗaure tsokar nama suna narkewa sannu a hankali, su koma danƙo irin na romon ƙafar sa. Ana sauke ƙirjin sa ne idan zafin cikinsa ya kai wajen digiri 90 zuwa 96. Kafin ya kai nan, akwai inda yake cijewa, tsakanin digiri 65 da 75, ya yi sa'o'i bai ƙara zafi ba, saboda ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum.

Tsohon murhun Teksas doguwar tukunyar ƙarfe ce a kwance, da ɗakin wuta a gefe, ana ƙona faskaren itace. Yana ba da ɗanɗano mai kyau, amma sai an riƙa ƙara masa itace duk bayan rabin sa'a zuwa sa'a guda, dare farai. Murahun da ake magana a kansu a nan an yi su ne don rage wannan wahala.

Yadda mai kabad yake aiki

Mai kabad yana da ƙofa biyu. Ta ƙasa ita ce ta ɗakin wuta, inda ake zura kwandon ƙarfe cike da gawayi, an cuccusa guntayen itace a cikinsa don hayaƙi. Ta sama ita ce ta ɗakin nama, mai ragogi jere bisa jere da ake jawowa kamar aljihun tebur. Tsakanin ɗakunan biyu akwai kaskon ruwa. Bangon kuwa faranti biyu ne na ƙarfe, an cika tsakaninsu da audugar dutse, wadda ba ta cin wuta, mai kaurin inci ɗaya zuwa biyu.

Ba a kunna gawayin gaba ɗaya. Ana zuba 'yan garwashi a kusurwa ɗaya, wutar ta riƙa cin na kusa da ita tana tafiya. Wasu suna jera farantan ƙarfe a cikin kwandon su raba shi lungu-lungu, don wutar ta bi hanya mai lanƙwasa ta daɗe kafin ta kai ƙarshe. Dabarar zuba garwashi kaɗan a kan gawayin da ba a kunna ba ta yi suna da sunan wani mai shiga gasa, Jim Minion. Ana sarrafa zafi da ƙofofin iska, ɗaya a ƙasa inda iska ke shiga, ɗaya a bakin bututun hayaƙi.

Kamfanin Backwoods Smoker na jihar Luwiziyana yana cikin waɗanda suka daɗe a wannan ƙira. A murahunsa zafi yana bi ta cikin bango ya hau sama, ya faɗo ɗakin nama ta can, ya gangaro ta kan naman, sannan ya fita ta ƙasa zuwa bututu. Akwai kuma Humphrey's a jihar Main, da Pitmaker da Lone Star Grillz a Teksas.

Yadda mai rumbu yake aiki

Mai rumbu shi ma yana da ɗakin nama mai ragogi, amma wutarsa a gefe take. A can akwai dogon rumbu a tsaye, mai murfi a sama da ke rufuwa ruf. Ana cika shi da gawayi tun daga ƙasa har baki. A gindinsa akwai ragar ƙarfe mai kauri da gawayin ke zaune a kanta, a ƙarƙashinta kuma kaskon toka da ƙofar iska.

Wutar tana ci ne a gindin rumbun kaɗai, domin nan ne iska take kaiwa. Gawayin da ke sama ba ya kamawa saboda murfin ya hana iska ratsawa. Idan na ƙasa ya cinye ya zama toka ya zube ta ragar, sai na samansa ya gangaro ya maye gurbinsa. Ta haka girman wutar ba ya canzawa daga farkon gashi zuwa ƙarshensa. Zafi da hayaƙi suna bi ta wata kafa su shiga ɗakin nama.

Guntayen itace ana sa su ne a kaskon toka. Garwashi na faɗowa a kansu suna turnuƙewa, hayaƙin ya bi ta cikin jan garwashi kafin ya isa ga nama, wutar ta ƙone wani ɓangare na dattinsa. Idan gawayi ya yi ƙasa, ana buɗe murfin sama a ƙara, ba tare da an taɓa ƙofar nama ba. Sunan da aka fi dangantawa da yaɗuwar wannan ƙira shi ne Stump's Smokers na jihar Jojiya, kamfanin Walter McDowell da ake wa laƙabi da Stump.

Mai rumbu iri biyu ne

Yawancin ruɗanin da ake samu idan ana kwatanta murahun nan ya samo asali ne daga haɗa abu biyu mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai mai rumbu na asali, wanda maƙera ke waldawa da ƙarfe mai kauri. Shi ma bangonsa ninki biyu ne da audugar dutse, nauyinsa yakan kai ɗaruruwan kilo, kuɗinsa kuma dubban daloli. Wannan ɗan'uwan mai kabad ne na kusa, rumbun kawai ya raba su.

Akwai kuma na zamani da manyan kantuna ke sayarwa a kwali, mai saye ya harhaɗa da kansa. Kamfanin Masterbuilt, shi ma na Jojiya, shi ya yaɗa wannan iri da jerin murahunsa na Gravity Series, masu lamba 560 da 800 da 1050. Lambobin suna nuna faɗin wurin ɗora nama ne a murabba'in inci. Na farkonsu ya shiga kasuwa a kan kusan dala 500. Rumbunsa yana ɗaukar kimanin kilo 7 na curarren gawayin masana'anta, ko kilo 4 da rabi na gawayin itace. Yana da fanka da 'yar kwamfuta: mai gashi ya zaɓi zafin da yake so, fankar ta riƙa hura wuta gwargwadon buƙata, yana iya duba komai ta wayarsa. Yana kuma kai zafin digiri 370, don haka ana iya gasa sirarin yanka a kansa cikin 'yan mintoci. Kamfanin Char-Griller ya biyo baya da nasa mai lamba 980.

Saboda haka idan mutum biyu suna musu a kan ƙarkon mai rumbu, sau da yawa ɗaya na magana ne a kan na maƙera, ɗayan kuma a kan na kanti.

Tsawon wuta da barcin mai gashi

Abin da masu murahun biyu suka fi yabawa shi ne samun barci. Kowannensu yana iya kwana yana ci a kan cika ɗaya ta gawayi idan zafin bai wuce kima ba, kuma sanyi ko iska ko ruwan sama ba su cika shafar masu bango ninki biyu ba. Wannan babban abu ne a jihohin arewacin Amurka inda ƙanƙara ke sauka.

Mai rumbu ya fi sauƙin ƙarin gawayi, shi ya sa masu gashi zubi bayan zubi suke son sa: ana iya barin wutarsa tana ci yini da kwana. A mai kabad sai an jawo kwando mai zafi a kwashe toka a sake jeri, zafin ɗakin ya ɗan tangaɗa.

Amma mai rumbu yana da aibin da masu shi suka sani sarai. Gawayin itace ba girmansa ɗaya ba, wani dogo wani fankameme. Wani lokaci manyan guntaye sukan sarƙe a tsakiyar rumbu su tokare juna, na ƙasa ya cinye, na sama ya ƙi gangarowa, wuta ta mutu alhali rumbu cike yake. Maganinsa shi ne a farfasa manyan guntayen kafin a zuba, ko a yi amfani da curarren gawayi mai girma ɗaya. Shi kuma curarren yana barin toka da yawa, wadda kan toshe ragar idan ba a karkaɗe ta ba. A mai kabad gawayi a kwance yake, ba shi da inda zai maƙale.

Ɗanɗanon hayaƙi

Gwanayen babakyu suna neman hayaƙi siriri mai ɗan shuɗi-shuɗi, suna gudun fari mai kauri, wanda ke sa nama ɗaci. Mai rumbu ya yi suna wajen tsabtar hayaƙi saboda yadda yake ratsa garwashi. Wasu masu shi wannan ne abin da ya fi burge su. Wasu kuma, musamman waɗanda suka saba da tsohon murhun faskare, suna ganin ƙanshin ya yi sanyi, sai su riƙa cakuɗa itace da gawayin cikin rumbu don ƙara masa ƙarfi.

Mai kabad yana buƙatar haƙuri a farko. Tunda bangonsa yana riƙe zafi sosai, wuta 'yar kaɗan ta ishe shi, ƙaramar wuta mai ƙarancin iska kuwa ita ce ke sa itace turnuƙu. Wanda ya yi gaggawar sa nama kafin farin hayaƙin farko ya wuce zai ji ɗacinsa a baki. Waɗanda suka ƙware suna jira hayaƙin ya washe, suna kuma rage yawan itacen. A nan ne sababbin masu saye suka fi yin ƙorafi, kuma yawanci ƙorafin yana raguwa bayan sun yi gashi 'yan lokuta.

Akwai wani darasi da duk mai murhu mai bango ninki biyu yake koya. Ɗaga zafi abu ne mai sauƙi, sauke shi ne aiki. Idan aka bar zafin ya zarce inda ake so, yana iya ɗaukar sa'a ko fiye kafin ya dawo, domin zafin ba shi da hanyar fita. Don haka ana fara tsuke ƙofar iska tun zafin bai kai wurin da ake nema ba.

Danshi da ɓawon nama

Kaskon ruwan mai kabad yana aiki biyu. Ruwa ba ya wuce digiri 100 idan yana tafasa, saboda haka yana shanye rarar zafi ya hana ɗakin hauhawa farat ɗaya. Tururinsa kuma yana hana saman nama bushewa da wuri. Masu gasa kaji da haƙarƙari suna yaba wannan.

Inda ake samun saɓani shi ne ɓawon. Amurkawa suna son ƙirjin sa ya fito da baƙin ɓawo mai ɗan tauri, wanda gishiri da masoro da hayaƙi suka haɗu suka yi. Tururi mai yawa yana sa ɓawon ya yi taushi, fatar kaza ma ta yi kamar roba. Mai rumbu, wanda galibi ba a sa masa ruwa, ya fi fitar da busasshen ɓawo. Wasu masu kabad suna barin ruwan ya ƙafe a sa'o'in ƙarshe, wasu kuma suna cika kaskon da yashi ko bulon wuta a maimakon ruwa.

Tsafta da gyara

Bayan an gama gashi a mai kabad, ana tarar da kasko cike da ruwa mai maiƙo da sai an san inda za a zubar da shi. Manyan murahu suna da famfon tsiyaye shi. Idan aka rufe murhun da danshi a ciki aka bar shi makonni, fumfuna tana fitowa, tsatsa kuma ta kama. Wannan yana cikin abubuwan da masu kabad suka fi gajiya da su.

Mai rumbu ba shi da wannan ɗawainiya, amma gindin rumbunsa yana shan wuta mai tsanani a wuri ɗaya na tsawon sa'o'i. Ragar da ke wurin da ƙarfen da ke kewaye da ita su ne ke fara lalacewa. A na maƙera an yi wurin da ƙarfe mai kauri ƙwarai, ragar kuma ana cire ta a sa wata. A na kanti ƙarfen siriri ne, shi ya sa ƙorafin masu irin wannan ya fi karkata ga ƙonewar ɗakin wuta, da lalacewar makunnan da ke jikin ƙofofi, da matsalar fanka ko na'urar sarrafa zafi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya, gashin ma ya tsaya.

Mai kabad da mai rumbu na maƙera ba su dogara da lantarki ba. Wanda yake so yana iya sayen fanka mai kwamfuta daban, irin ta BBQ Guru ko Flame Boss ko FireBoard, ya ɗaura a ƙofar iska. Idan ta lalace sai ya cire ta ya ci gaba da sarrafa iska da hannu.

Nauyi da wuri da kuɗi

Mai kabad ba ya cin wuri, domin tsawo yake yi sama, kuma yana ɗaukar nama da yawa idan aka kwatanta da faɗin ƙasar da ya tare. Mai rumbu mai ɗaki daidai da shi ya fi faɗi da nauyi saboda rumbun da ke gefe, kuma galibi ya fi tsada saboda ƙarin ƙarfe da walda. Manyansu duka biyu sai da ƙafafun taya, wasu ma a kan tirela ake ɗora su. Da yawa daga cikin maƙeran sai an ba su oda suke ƙerawa, mai saye ya jira makonni ko watanni, sannan ya biya kuɗin dako mai yawa.

Nadamar da aka fi ji daga ɓangarorin biyu ta girma ce. Wanda ya sayi ƙato don bikin da yake yi sau ɗaya a shekara yakan tarar yana ƙona gawayi mai yawa don gasa kaji biyu. Wanda ya sayi ƙarami kuma, da zarar an fara ba shi kwangilar abinci sai ya ga ya yi masa kaɗan.

Matsayinsu a fagen gasa

Gasar gashi babbar harka ce a Amurka. Ƙungiyar Kansas City Barbeque Society, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1980, tana kula da gasanni masu yawa a kowace shekara. Alƙalanta suna ba da maki ne a kan kyan gani da ɗanɗano da laushi, ba tare da sun san wanda ya gasa ko irin murhun da ya yi amfani da shi ba. Ana shiga waɗannan gasanni da mai rumbu da mai kabad da tsohon murhun faskare, har da gangar ƙarfe da aka mayar murhu, kuma kowane iri ya taɓa kai masu shi ga nasara. Wannan ya nuna cewa ingancin nama da ƙwarewar mai gashi sun fi ƙirar murhu tasiri a kan abin da ke zuwa faranti.

Haɗurran da ya kamata a sani

Gawayi yana fitar da iska mai guba da ba ta da launi ko wari, wadda ke kashe mutum a rufaffen wuri. Ba a kunna ɗayan murahun nan a ɗaki ko gareji ko shago, ko da taga a buɗe take.

A mai rumbu, idan abin da ke toshe bakin murfi ya tsufa iska ta fara ratsawa, wuta tana iya hawa rumbun ta kama gawayin gaba ɗaya. Haka kuma iskar da ta taru a saman rumbu mai zafi tana iya kamawa bal idan aka buɗe murfin da sauri. Ana buɗe shi ne a hankali, fuska na gefe. A mai kabad kuwa haɗarin yana wajen kitse: idan kaskon ruwa ya ƙafe kitse ya taru a ciki, buɗe ƙofa na iya sa ya kama da wuta. Ba a kashe wutar kitse da ruwa, rufe ƙofofi da kafofin iska ake yi.

Ta fuskar lafiyar abinci, ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a nama tsakanin digiri 4 da 60, saboda haka naman da wuta ta mutu ta bar shi sa'o'i a wannan zango abin tsoro ne. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ƙayyade cewa zafin cikin kaza ya kai digiri 74 kafin a ci. Hayaƙi mai datti da kitsen da ke ɗiga kan wuta kuma suna haifar da sinadaran da aka danganta da cutar daji. Tarayyar Turai ta rage adadin ɗaya daga cikinsu da ta yarda a samu a ƙyafaffen nama da kifi zuwa maikirogiram 2 a kowane kilo tun daga watan Satumban 2014. Murahun biyu suna da fa'ida a nan, domin kitse ba ya sauka kai-tsaye a kan garwashi.

Ga mai son saye ko ƙerawa a Najeriya

Jera ragogi a tsaye bisa wuta ɗaya ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma. Murhun ƙyafe kifi na Chorkor, wanda aka ɓullo da shi a wata unguwar masunta ta birnin Akara a 1969 da haɗin gwiwar Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar binciken abinci ta Ghana, a kan wannan tunani aka gina shi, don a rage itace a ƙara yawan kifi. Ɗan kasuwa ko mai gidan abincin da ke tunanin shigo da irin na Amurka yana da abubuwan dubawa.

Na kanti mai fanka an yi shi ne don lantarkin Amurka mai ƙarfin bolt 120, na Najeriya kuwa 230 ne, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar gashi tana tsayar da fankar sai in da batir. Kayan gyaransa ma sai an yi odarsu daga waje. Gawayin da ake sayarwa a buhu a kasuwannin ƙasar nan na itace ne mai girma dabam-dabam, irin wanda ke maƙalewa a rumbu idan ba a tace shi ba. Wanda zai sayi na hannu daga Amurka kuma ya sani cewa naman alade yana cikin abin da aka fi gasawa a irin waɗannan murahu, maiƙonsa kuma yana kama bango da ragogi.

Mai kabad ya fi sauƙin ƙerawa ga mai walda, domin mai rumbu yana buƙatar murfin da iska ba ta ratsa shi ko kaɗan. Ko wanne za a ƙera, a guji ƙarfen da aka shafe da tutiya irin na kwanon rufi, domin yana fitar da hayaƙi mai cutarwa idan ya sha wuta. A guji asbesto wajen cika bango, a kuma guji gangar da aka taɓa zuba sinadari a cikinta.

Wa ya dace da wanne

Mai abincin biki ko gidan abinci da ke gashi zubi bayan zubi, yana da wurin ajiya na dindindin da jarin saye, shi ne ya fi jin daɗin mai rumbu na maƙera. Magidancin da ke gasa nama a ƙarshen mako, wurinsa ƙarami ne, kuma bai damu da wanke kasko ba, ya fi samun biyan buƙata a mai kabad. Wanda yake son abu mai sauƙin kuɗi da zai kunna ya bar wa kwamfuta, ya gasa sirarin yanka yau ya kwana da ƙirjin sa gobe, na kanti ya dace da shi, muddin ya san zai riƙa canza wasu sassansa kuma ba zai kai na maƙera daɗewa ba.

Kafin a biya kuɗi, tambayoyin da suka fi amfani su ne: nama nawa za a riƙa gasawa a lokaci guda, sau nawa a wata, wane irin gawayi ake samu a kusa, a ina za a ajiye murhun, kuma wa zai gyara shi idan ya lalace. Bayan an saya, abin da gwanaye ke ba sabon shiga shawara shi ne ya fara kunna murhun babu nama a ciki, ya ga yadda zafinsa ke hawa da sauka, sannan ya gwada da kaji kafin ya kai ga ƙirjin sa.